Ranar Sauka Ba Ta Malahi Ba Ce

Harra ta Gabas, Madina.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, da ɗanki Baba, da 'yar ƙanwarsa Hanan. Muna nan lafiya, ni da Malam mahaifinki. Allah Ya tsare ku a ɗakinku, Ya tsare ku a kan hanya, Ya kai ku inda kuka nufa, Ya dawo mana da ku babu wanda ya ragu.

Ƙanenki Bashir ya gaya mini maigidanki ya sami hutu, za ku kai yara Jidda su ga bahar su shiga malahi, filin wasan nan mai liluna. Ya kuma gaya mini shirin da kika yi: ku tashi bayan asuba, ku ajiye kaya a ɗakin da kuka kama haya, kafin magariba kuna cikin malahi. Wannan shirin ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kin zo ranar Juma'a kin zauna har la'asar, ban ce miki komai ba. Kin san ni da ke ba ma doguwar magana ido da ido. Ke 'yar fari ce, kuma haka aka raine ni. Idan ma na daure na fara, da Hausa nake faɗa, ke kuma ki riƙa ce mini “ɗayyib, ɗayyib”, “to, to” ɗinku na Larabci, kina naɗe mayafi. Takarda ba a ce mata ɗayyib a wuce. Ba don banza na zaunar da ke a bakin murhu na koya miki karatun boko ba. Ki karanta har ƙarshe.

Kafin in shiga faɗa, bari in rubuta abin da bakina ba zai iya ba. Na ga yadda kike riƙe da gidanki, kuma ya yi mini. Ranar nan da Baba ya kifar da butar shayi a kan dardumar kakansa, na zuba ido in ga abin da za ki yi. Ba ki ɗaga murya ba, ba ki ɗaga hannu ba. Kika miƙa masa tsumma kika ce ya goge da kansa, ya goge, ya je ya ba kakansa haƙuri. Ni a shekarunki, da sai maƙwabta sun leƙo. Maigidanki ma Allah Ya yi masa albarka. Namijin da zai sami hutu ya tuna da yara, bai tafi zaman shayi da abokai ba, ba a kowane gida ake samunsa ba.

Malahi kuma ba zan ce kada ku je ba. Sunan wurin kaɗai ya isa wa'azi, domin Larabawa ba su ɓoye ba, wurin shagala suka kira shi. Amma yaro yana da hakkin dariya, kuma ni da idona na ga babban lilon nan mai juyawa an kunna masa fitilu a bakin magariba, na tsaya ina kallo kamar ba ni ce mai yi wa mutane faɗa ba. Abu ne mai kyau. Abin da nake cewa ɗaya ne: kada ku shiga ranar da kuka sauka. Kuma kada ki shiga da Baba sai ya san sunansa.

Kin sha jin labarin ɓatanki a bakin Malam, yana ba da shi ana dariya a gaban baƙi. Shi ɓangaren dariyar yake faɗa. Ni zan faɗa miki yadda aka yi daga farko, don ki ga inda ƙafa ta fara zamewa.

Lokacin ba ki shiga makaranta ba, Bashir yana goye. Babu wannan sabuwar hanyar, ta Badar ake bi. Muka tashi da duku-duku a motar haya, tagogi a buɗe, iska mai zafi tana dukan fuska. A Badar muka tsaya muka sha ruwa, kika yi amai a gindin wani dabino, muka ci gaba. Ba ki runtsa ba duk hanya. Da muka kusa shiga Jidda kika hango lilon nan daga nesa, kika miƙe tsaye a kan cinyata kina nunawa, ni kuma na ce miki, “Yau ɗin nan za ki hau.”

Nan ne na fara kuskure, tun ba mu sauka ba. Na yi wa yarinya alkawari ban san garin ba, ban san ƙarfin jikinta ba, ban tambayi masu masaukinmu ba. Ummi, kada ki yi wa yaro alkawari a cikin mota. Duk abin da aka ce masa a hanya, shi a wurinsa ya zama farilla, kuma ke ce za ki ji kunyar janyewa.

A gidan Gwaggo Hauwa muka sauka, yayar Malam. Kin san ta yanzu da tsufa da ciwon gwiwa, ba ki san ta lokacin da take tsaye ba. Ban taɓa ganin mace mai natsuwarta ba. Mun tarar ta shimfiɗa tabarmi a inda iska ke shigowa, ta jera butoci, ta dafa shinkafa da kifi, har ta jiƙa tsamiya ta sa a randa. Ta karɓi dabino da na'ana'ar da muka kawo, ta kai ganyen hancinta ta lumshe ido ta ce, “Madina ta shigo gidana.”

Ban gama cin abinci ba na fara ciro sababbin kayanki daga akwati. Gwaggo ta dube ni.

“Amarya, ina zuwa?”

Har yau haka take kirana, da jikokina.

Na ce, “Malahi, Yaya. Na yi wa yarinyar nan alkawari.”

Ta ce, “Yau ranar sauka ce. Ranar sauka ana wanke ƙafa, a ci abinci, a ga fuskar masu gida, a kwanta. Lilon nan a kafe yake, gobe za ku same shi inda kuka gan shi.”

Na ce hutun Malam gajere ne, kada yini guda ya tafi a banza.

Ta yi dariya ta juya ga ƙanenta. “Ka ji 'yar makaranta. Hutun ma da ƙararrawa za a yi shi.”

Malam ya ce, “Ki bi maganar Yaya.” Sau ɗaya ya faɗa, a hankali, kamar yadda yake faɗin komai. Ni kuma na ci gaba da sa miki riga. Da Gwaggo ta ga ba zan fasa ba, ba ta ƙara ko kalma ba. Ta miƙe ta ɗauki abayarta ta ce, “To mu je.” Wannan halin nata nake so ki ɗauka. Ta faɗi gaskiya, aka ƙi ji, ba ta zauna a gida tana jiran a dawo ta ce ai na faɗa ba. Ta bi mu.

Na sa miki sabuwar riga koriya da sababbin takalma masu ƙyalli. Rigar nan ita ake yayi a shekarar, rabin 'yan matan da ke wurin ita suka sa. Takalman kuwa tun a bakin ƙofa suka fara cin dugaduganki. Don haka ki ji: ba a buɗe sabon takalmi a wurin da za a yi ta tafiya. Ki sa wa Baba tsohon takalminsa da ƙafarsa ta sani. Ki sa masa riga wadda idonki zai tsinto daga nesa, ba farar jallabiya irin ta kowane yaro ba. Ado don idon mutane ne, mutane kuwa ba su za su neme shi ba idan ya ɓace.

Muka shiga bayan la'asar. Ban kalli ƙofar da muka shigo ba, ban kalli inda ake salla ba, ban ce miki idan ba ki gan ni ba ki tsaya a wuri kaza ba. Idona yana kan layin tikiti. Kika hau dawakan katako, kika sauko kina layi, na saya miki alewar auduga a kan cikin da ya yini yana amai. Kika fara ƙananan kuka, kina cewa ƙafa, ƙafa. Na ce ki yi shiru, ai ke kika ce sai an zo. Malam ya tafi neman ruwa. Bashir ya zame a bayana, na saki hannunki don in gyara goyo. Na kwance zane, na ɗaga shi, na ɗaure. Da na miƙa hannu gefena, babu ke.

Ban san yadda zan rubuta miki abin da na ji ba, kuma ina roƙon Allah kada Ya sanar da ke. Fitilu sun fara kamawa, kiɗa yana tashi ta kowane gefe, ko'ina na duba koriyar riga ce, kuma ba ke ba ce. Na kama gudu ina kira, “Ummi, Ummi.”

To ga inda Malam yake fara dariya. Mu a gida Ummi sunanki ne, don sunan mahaifiyar Malam aka sa miki, ba mai iya kama shi. Na manta cewa a kunnen mutanen wurin, mace ce babba da goyo take gudu tana kiran uwarta. Matan kirki suka taru a kaina. Wata ta riƙe kafaɗata tana tambaya da Larabci, mahaifiyar taki tsohuwa ce sosai? Tana gani? Da sanda take tafiya? Ni Larabcina a lokacin na cefane ne, tsoro kuma ya kwashe ɗan abin da ya rage. Ina ce musu ƙarama ce, ƙarama, suna cewa eh, tsofaffi ai ƙanƙancewa suke yi. Suka ja ni har gaban wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai kusa da tulun ruwa, suka ce ga ta nan, alhamdu lillahi. Tsohuwar ta dube ni, na dube ta. Ta ce ita 'ya'yanta duk maza ne.

Lokacin da aka ɓata a wannan rikici, shi ne lokacin da ya kamata a ce ana neman yarinya.

Malam ya dawo da ruwa ya tarar da abin da ake ciki. Bai yi mini faɗa ba, ba a lokacin ba, ba daga baya ba, har yau. Ya miƙa wa Gwaggo ruwan ya nufi ɗakin da mai lasifika yake, kusa da ƙofa. Mutumin ya tambayi sunan yarinya. Malam ya san idan ya ce Ummi za a koma gidan jiya, sunan yanka kuwa na mahaifiyarsa ne, bai taɓa furta shi ba. Ya ciro takardar iyali daga aljihu ya ɗora yatsa a kan sunan. Aka yi shela da shi, da sunan mahaifi, aka ce yarinya ce daga Madina mai koriyar riga. Aka maimaita. Muka tsaya a ƙofar ɗakin muna duban kowace fuska. Ba wanda ya zo.

Yaya za a yi a zo? Ke ba ki taɓa jin sunan nan ba. Tun ranar da aka raɗa miki shi a kunne, ba wanda ya sake kiranki da shi. Ni ba na faɗa, Malam ba ya faɗa, maƙwabta sun bi bakinmu. Mun yi ta girmama sunan har mai shi ba ta san nata ne ba.

Aka kira magariba, aka kashe kiɗa, liluna suka tsaya. Maza suka fara tafiya wurin salla. Ni na zauna a ƙasa. Duk wannan lokaci Gwaggo ba ta yi gudu ba, ba ta yi kuka ba. Tana tsaye tana jan carbi. Da wurin ya yi tsit sai ta ce, “Yanzu za ta ji.” Ta shiga ɗakin mai lasifika kafin ya rufe, ta ce masa da Larabcinta mai kyau, ɗana, ka ƙara sau ɗaya, amma abin da na faɗa za ka faɗa. Ya ce bai san yaren ba. Ta ce ba sai ka sani ba, baki za ka ara mini.

Haka muka ji muryar Balarabe ta cika wurin nan, yana tauna Hausa kalma-kalma kamar mai cin ƙashin kifi: “Ummi ta Madina. Gwaggo tana kira. Zo ki ci kifi.”

Ba a jima ba sai ga wata mata ta taho daga wajen shinge, inda masu talla suke zama, tana saɓe da ke a kafaɗa, takalmanki a ɗaya hannun. Bahaushiya ce daga Chadi, gyaɗa take sayarwa. Ashe da ƙafa ta dame ki, kin ga mace baƙa a zaune irin zaman gida, kika je kika cire takalma kika kwanta a cinyarta. Ta ce, “Na tambaye ta sunanta ta ce Ummi, na san 'yar gida ce. Na ji shelar farko, na tashe ta na ce ke ce wance? Ta ce a'a. Na ce to ba ita ake nema ba. Ina zan bar tirena in bi yarinyar da ta ce ba ita ba ce?” Ta yi gaskiya. Allah Ya saka mata da alheri duk inda take.

Ke kuwa kika buɗe ido kika ce, “Ina kifin?”

Washegari da safe ba mu je ko'ina ba. Kika yi barci har hantsi. Da la'asar sakaliya Gwaggo ta ce mu fito ta nuna mana yadda ake yi, kuma abin da ta yi ranar nan shi nake so ki yi a ranar saukarku.

Ba ta sayi tikiti ba. Ta kama hannunki muka bi gefen shingen malahi daga waje, a hankali, kamar masu zuwa gaisuwa. Ta bar ki kika kalli lilon har kika ƙoshi. Ta nuna miki ƙofa ta ce, ta nan ake shiga, ta nan ake fita. Ta nuna miki tulun ruwa kusa da wurin salla, ta tsakanin ƙarafan shingen, ta ce, “Idan kika duba ba ki ga Innarki ba, can za ki je ki tsaya. Ba kuka, ba gudu. Ina za ki je?” Kika nuna. Muka yi gaba, ta sake tambaya. Muka juyo, ta sake tambaya. Sannan ta tsuguna a gabanki, a gefen titi, ta faɗa miki sunanki na yanka.

Na ga yadda ya yi mata nauyi. Sunan mahaifiyarta ne ita ma. Malam ya juya baya yana kallon motoci. Ta ce, “Inna ta yafe mini. Da ta ga abin da ya faru jiya, da ita za ta fara faɗa.” Ta sa shi a waƙa, sunanki, sunan mahaifinki, sunan unguwarmu, tana tafa hannu kina bi. Kafin mu kai gida kin iya. Da muka shiga malahi kashegari, kin yi barci kin ƙoshi, tsohon takalminki a ƙafa, kika hau babban lilon tare da Malam. Ina ƙasa ina jin dariyarki tana sauka tana hawa. Ban taɓa ganin yinin da ya yi daɗi kamar wannan ba, kuma yinin da muka zauna ne ya haife shi.

Yanzu ki dubi ɗanki. Sunan Malam aka sa masa. Ke ba kya faɗa, don na mahaifinki ne, kuma shi ɗan fari ne. Maigidanki ba ya faɗa, sunan surukinsa ne. Ni ba sai an tambaya ba. Bai shiga makaranta ba balle malami ya kira shi da shi. Ranar Juma'a, kina kicin, na sa Bashir ya tambaye shi da Larabci, “Ish ismak?”, wato yaya sunanka. Ya ce, “Baba.” Bashir ya ce to sunan babanka fa? Ya ce, “Baba.” Bashir ya yi ta dariya. Ni ban yi ba.

Kuma yaron nan ya fi ki ƙafa. Ke gajiya ce ta raba ki da ni. Shi kyanwa kawai zai gani ya bi. Ki ƙaddara kina tsakiyar malahi, Hanan a kafaɗa, kina kiran “Baba, Baba.” Duk namijin da ke wurin zai waiwayo, kuma ba wanda zai kalli ƙasa.

Saboda haka ga ranar saukarku. Kada ki cika mota da alkawari. Idan ya hango lilon ya tambaya, ki ce gobe in Allah Ya so, kuma ki tsaya a kan goben. Zai yi kuka. Kukan mota ba ya kashe yaro, ki bar shi ya yi.

Kafin ku nemi ɗakin da kuka kama, ku fara zuwa gidan Gwaggo. Na san maigidanki zai so a fara ajiye kaya. Ki roƙe shi da ladabi, mutum ne mai jin magana. Zan ba Bashir dabinon Khaibar da na'ana'a ya kawo miki daren tafiya. Na'ana'ar a jiƙaƙƙen tsumma za ta zo, ki ƙara yayyafa mata ruwa a hanya, kada ki sa ta kusa da taga. Ba ta kwana biyu da ƙamshinta, ranar nan za ta shiga hannun mai ita. Ba a shiga gari a fara da wurin wasa alhali akwai tsohuwa a cikinsa da ta taɓa ɗaukarki. Wannan ko babu maganar suna, haka tarbiyya take.

Amma akwai maganar suna. A duk danginmu da suka rage, Gwaggo kaɗai ce take kiran sunan nan ba tare da ta sunkuyar da kai ba, domin na ƙanenta ne. Ita ta goye shi. Har yau idan ya yi mata waya da sunansa take kiransa, tana yi masa faɗan bai cin abinci. Ki zaunar da Baba a gabanta ki ce ta koya masa. Ba sai kin yi dogon bayani ba, tana ganinku za ta gane. Ta koya masa har ya iya faɗa idan an tambaye shi, kuma ya iya waiwayowa idan an kira. Waɗannan abu biyu ne daban, ki gwada kowanne. Ki sa wani yaron maƙwabta ya kira shi daga bayan ƙofa, ki ga ko zai juya. Ya san sunan mahaifinsa, ya san shi ɗan Madina ne. Da Larabci zai faɗa, don masu tambayarsa da shi za su tambaya.

Daga nan ku je masaukinku. Ku yi wanka, ku yi sallolin da hanya ta haɗa muku, yara su kwanta ko da ba su yi barci ba. Kada ki tayar da wata magana mai nauyi da maigidanki a ranar. Mutumin da ya yini a kan sitiyari ba a tambayarsa me ya sa ɗakin bai kai yadda aka ce ba. Ki ba shi shayi ki yi masa sannu. Yawancin faɗan da ake yi a tafiya gajiya ce take magana, sai a ɗauka zuciya ce.

Idan rana ta yi sanyi ku fita da ƙafa. Ku kai su bakin bahar su ga ruwan da ba shi da ƙarshe. Mu mutanen Harra da muka saba da baƙin dutse, ganinsa kaɗai ya isa yini guda. Ki ce wa Baba ya ce subhanallah, ya san akwai Wanda Ya yi shi. Sannan ku bi ta gefen malahi daga waje. Ki nuna masa ƙofa. Ki zaɓi wuri guda da ba ya motsi, ba mai sayar da dafaffen waken balila ba, don mai balila yana tura kekensa ya yi gaba. Ki tambaye shi, ki sake tambaya, har ya gaji da ke. Ke ma ki ga inda mai lasifika yake zama, da inda mata suke salla, ki tambayi mai gadi ko gobe ranar shigar masu iyali ce, kada ku yi shiri ku zo a mayar da ku. Ku yi magariba a kan lokacinta. Ku sayi gurasar tamis da wake ku ci a ɗaki, ku kwanta da wuri.

Za ki ga kamar yinin ya tafi ba a yi komai ba. Haka ni ma na gani a wancan lokaci.

Saura abu ɗaya. Gwaggo ta tsufa. Wata rana tana garau, wata rana ba ta gane mai shigowa. Idan kuka tarar ranar ba tata ba ce, kada ki ce to shi ke nan. Ke za ki faɗa. Ki ja shi gefe, ki tsuguna, ki faɗa masa sunansa da bakinki. Na tambayi Malam ko zai ji haushi, ya ce, “Sunan nan ni ma aro aka ba ni. Ta faɗa.” Kunya abu ne mai kyau, ni na koya miki ita, kuma ban janye ba. Amma an yi ta ne don a girmama mutane, ba don a rasa yaro ba.

Na san za ki ce Inna tana umartar abin da ita ba ta taɓa yi ba. Gaskiyarki. A ranar nan Gwaggo ce ta ɗauke mini, ni ina tsaye a gefe. Shekarun nan duka ban kira ki da shi ba, ko a ranar aurenki. To ki duba ƙarshen takardar nan. Na daɗe da alƙalami a hannu kafin in sa shi, kuma ga shi ban mutu ba.

Allah Ya sa ku tashi a sa'a, Ya sauƙaƙa muku hanya, Ya kare ku daga sharrin ƙarfe da na gajiya. Allah Ya tsare Baba da Hanan a gabanku da bayanku, Ya sa hannun da kika riƙe da shi ku shiga, da shi za ku fito. Ki gaida Gwaggo, ki ce Amarya tana gaishe ta, kuma har yanzu tana bin maganarta.

Allah Ya yi miki albarka, Rukayya.

Innarki.